Ƙanena yana son sayen injin zarto ya shiga sana'ar gyaran bishiya: ta ina ya kamata ya fara?

Dan_Mabera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar itace. Ina da ƙane da ya gama sakandare, wanda tun yana yaro ba ya tsoron hawa, kuma yanzu mutanen unguwa sukan kira shi idan darbejiya ta yi wa gini nauyi ko reshe ya kwanta a kan katanga, ya hau da adda da gatari ya rage. Abin da yake samu ba laifi, musamman gab da faɗuwar damina, lokacin da kowa yake tsoron iskar hadarin farko. Yanzu ya matsa mini in taimaka masa ya sayi injin zarto, irin mai sarƙa da ake yanka itace da shi, yana cewa aikin da yake yini a kansa zai gama shi kafin hantsi, kuma zai riƙa fitar da katako daga gumagumen da ake bar masa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin ban san inda ake koyar da wannan aiki a Sakkwato ba, ga mahaifiyarmu kullum cikin fargaba take idan ya fita. Tambayata ita ce: shin wannan sana'a ce da mutum zai riƙe iyali da ita a garin nan? In kuwa haka ne, injin za a fara saye, ko koyo za a fara nema?

Bakanike_Gwiwa

Wa alaikumus salam. Ni gyaran ƙananan injina nake yi, janareto da injin ban ruwa da irin wannan zarto, don haka zan faɗi abin da ya shafi ƙarfen. Sarƙar injin nan tana gudun kimanin mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma babban haɗarinsa shi ne tutsu: idan saman tsinin ƙarfen da sarƙar take zagayawa ya taɓi wani abu mai tauri, injin yakan zabura sama ya dawo wajen fuska da kafaɗar mai riƙe da shi kafin ya ankara. Saboda haka ne ake sanya wa sababbin injina birkin sarƙa a gaban hannun hagu. Babban injin da masu yankan katako suka fi so a ƙasar nan, wato Stihl 070 da kwaikwayonsa da suka cika kasuwa, nauyinsa ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa ƙarfe da sarƙa ba, kuma yawancin waɗanda ake kawo mini ba su da wannan birki. Injin ƙasa ne, na tsaga gungume, ba na hawa bishiya ba. Idan shi ƙanenka yake hange, ina roƙonka da kada ka bari ya ɗauke shi sama ko da taku ɗaya ne a kan tsani.

Malamin_Daji_Mai_Ritaya

Ɗana Dan_Mabera, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka fitar da kuɗi. Na yi aikin gandun daji har na ajiye, kuma abin da zan fara ce maka shi ne, yawancin masu hawa itace a garin nan sara suke yi, ba gyara ba. Ka duba darbejiyar da ke bakin tituna da harabar makarantu: za ka ga an guntule kanta baki ɗaya, an bar kututture tsaye da manyan raunuka a buɗe. Bayan damina ɗaya sai ta yi tohon rassa masu yawa, mai gida ya yi murna cewa ta farfaɗo, alhali waɗannan sababbin rassan a jikin ɓawo kawai suke manne, ba su da tushe a cikin zuciyar itacen, kuma ruɓa tana cin wurin da aka datse tana gangarowa ƙasa. Bayan wasu shekaru, su ne suke ɓallewa a iskar bazara su faɗa kan kwano.

Bishiya ba ta warkewa yadda fatar mutum take warkewa. Wani masanin itace ɗan Amurka, Alex Shigo, ya yi shekaru yana tsaga itatuwa yana duba cikinsu, ya nuna cewa abin da bishiya take yi shi ne ta killace wurin da ya ji rauni, ta hana ruɓa yaɗuwa, sannan ta lulluɓe shi da sabon itace. Wannan kariya ta fi ƙarfi a ɗan kumburin nan da ke gindin kowane reshe, inda ya haɗu da uwar jiki. Wanda ya yanke reshe daidai bayan kumburin, ya bar shi lafiya, raunin zai rufe. Wanda ya shafe shi daidai da jikin bishiyar, ko ya bar dogon guntu, ya buɗe wa ruɓa da gara ƙofa. Reshe mai nauyi kuma yanka uku ake yi masa: a fara ɗan yanka daga ƙasa nesa kaɗan da gindinsa, a yanke daga sama gaba da wannan kaɗan har ya faɗi, sannan a cire guntun da ya rage. Yankan farkon shi ne yake hana nauyin reshen ya ɗaye ɓawo ya tsaga jikin bishiyar. Kuma ba a raba bishiya da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta a shekara guda. Duk wannan ana koyonsa da ƙaramin zarton hannu, ba a bukatar fetur.

Baba_Masassaki

Malam, Allah ya gafarta maka, na yarda da bayaninka a kan reshe, amma kada mu sa yaron ya ɗauka cewa sai an je makaranta ake sanin itace. Iyayenmu sun hau giginya da goriba, sun kafa turaku a jikin kuka sun hau sun ɗebo ganye, masu amya kuma sun ɗaura ta a ƙololuwa, duk ba tare da takarda ba. Yadda suka koya shi ne yaro ya bi ubangida yana ɗaukar gatari yana jan igiya, yana jin ana cewa wannan itacen yana da kogo, a buga shi da bayan gatari a ji amonsa kafin a taka shi. Ni da kirya nake sassaƙa turmi da taɓarya, kuma kafin hannuna ya taɓa gizago sai da na daɗe ina kallo. Inda na tsaya tare da ku shi ne, gatari yana ba mutum lokaci: yana sara yana jin kukan itacen, yana ganin inda ya fara karkata. Inji kuwa ƙararsa tana toshe kunne, kuma kafin ka ga alamar motsi reshen ya riga ya tafi.

Dalibi_a_Ingila

Ina gaida Baba da Malam. Ina karatu a Ingila, kuma na yi aikin wucin gadi tare da masu wannan sana'a a matsayin mai tsayawa a ƙasa, don haka zan faɗi yadda suke tsara koyo, ko za a tsinci abin da ya dace da mu. A can mataki-mataki ake ba da shaidar ƙwarewa. Ana fara koyon kula da injin da yanka gungume a ƙasa, sai kayar da ƙananan itatuwa, sai hawa da igiya tare da koyon yadda ake sauko da abokin aiki da ya ji rauni a sama, kuma sai bayan wannan ne ake barin mutum ya tayar da inji yana rataye a bishiya. Mai hawa yana sanye da ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, igiyarsa mai kaurin milimita 11 zuwa 13 an ƙera ta ne musamman don ɗaukar mutum, kuma lokacin yanka dole ya kasance a ɗaure ta wuri biyu daban-daban, domin idan zarto ya taɓi igiya ɗaya ta biyun ta riƙe shi. Igiyar da ake sauke rassa da ita daban take, ba a haɗa ta da ta hawa ko sau ɗaya. Akwai kuma wando na musamman mai cike da dogayen zaruruwa, waɗanda idan sarƙa ta taɓa su sukan warware su cushe injin ya tsaya nan take. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba a yarda mutum ya hau shi kaɗai ba, sai akwai wani a ƙasa wanda shi ma ya iya hawa.

Manomin_Wurno

Duk wannan bayani yana da kyau, amma kayan da ɗalibinmu ya lissafa, ina za a same su a Sakkwato, kuma wane mai gida ne zai biya ladan da zai mayar da kuɗinsu? Ni damuwata ma ta wani gefen ce. Duk injin da ya shigo yankinmu, ba rassa yake ragewa ba, gawo da marke da tsamiya yake kayarwa a kai gidajen burodi da wurin masu gawayi. Gawo itace ne da yake zubar da ganyensa da damina, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci, kuma kowane manomi ya san gindinsa ya fi ko'ina albarka a gona. Itacen da ya shekara hamsin yana tsaye, inji yana kwantar da shi kafin a gama shan fura. Wanda ya ci bashi ya sayi inji, idan aikin gyara ya yanke da rani, me kuke zato zai yi da shi?

Hajiya_Arkilla

Ni a matsayin wadda take ba da irin wannan aiki zan yi magana. Mun taɓa kiran wasu matasa su rage mana wata babbar darbejiya a tsakar gida, ba su ɗaure reshen ba, ya juya ya faɗa kan rufin maƙwabta ya lotsa kwano ya karya katako. Allah ya tsare babu kowa a ɗakin. Matasan ba su da abin biya, mu muka gyara, kuma sai da dattawan unguwa suka shiga tsakani. Tun daga nan ba na duba araha. Ina tambayar mutum yadda zai sauke kowane reshe da inda zai ajiye shi, kuma muna yin magana a gaban shaidu a kan wanda zai ɗauki ɓarna idan ta faru. Don haka Malam Manomin_Wurno, akwai masu biya. Makarantu da masallatai da gidajen da ke da tsofaffin itatuwa kusa da gini suna neman wanda za su amince da shi, samunsa ne yake da wuya.

Mai_Inji_Bodinga

Da wannan inji nake ci da iyalina, kuma zan saɓa wa wasu daga cikin manyanmu, tare da girmamawa. Cewa yaro ya je ya koya tukuna abu ne mai sauƙin faɗa, amma babu mai inji da zai miƙa wa baƙo injinsa ya koya da shi, domin kuskure ɗaya wajen haɗa mai ya isa ya kashe fistin. Wanda ya zo da nasa, shi ake ɗauka a tafi aiki da shi. Shawarata ita ce a saya masa matsakaici mai birkin sarƙa, na asali ko da na hannu ne, ya bi wani ya yi aikin ƙasa kawai.

Kuma a ƙasan ma akwai ilimi mai yawa. Kafin ka kayar da itace za ka duba inda ya karkata, da gefen da rassa suka fi nauyi, da inda iska take kaɗawa. Ka yanke baki a gefen da kake so ya faɗi, zurfinsa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin itacen, sannan ka zagaya baya ka yanka sama da gindin bakin kaɗan, amma ba za ka ratsa ba. Za ka bar wani sashe kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin, shi ne zai riƙe itacen ya bi da shi inda ka nufa. Wanda ya cinye wannan sashen da zarto ya saki itacen, zai faɗi inda ya ga dama. Hanyar gudu kuma tun kafin a tayar da inji ake share ta, ta baya a karkace, kuma a kori jama'a nesa da ninki biyu na tsawon itacen. Wannan na ƙarshen ya fi komai wahala a cikin gari, saboda yara da jin ƙarar inji suke taruwa.

Bakanike_Gwiwa

Tunda Mai_Inji ya ambaci haɗa mai, bari in ƙara. Injin nan ba shi da wurin zuba man inji daban, a cikin fetur ake gauraya shi, kuma da man da kamfanin ya tanada ma'aunin shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Tankin na biyu na man sarƙa ne, kuma baƙin man da aka juye daga mota, wanda mutane da yawa suke zubawa, yana cinye famfon da ƙarfen. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska da wuri. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa. Idan ka ga tana fitar da gari, a tsaya a wasa ta da magagari, domin dakusasshiyar sarƙa ce take sa mutum ya danna da ƙarfi har ya rasa daidaiton tsayuwarsa.

Kafintan_Kara

Batun katako da ƙanenka yake sa rai a kansa, ina so in rage masa buri kaɗan. Yawancin katakon da muke aiki da shi daga kudu ake kawo shi, afara da obeche da iroko da malaina, an tsaga shi a injin masana'anta ya fito a miƙe. Wanda aka tsaga da injin hannu yakan zo da kauri ba daidai ba, kuma faɗin sarƙar yana mayar da kaso mai yawa na gungumen ya zama ɓarɓashi. Darbejiya dai tana da katako mai kyau, ja-ja, gara ba ta cika damunsa ba, kuma dangi ɗaya suke da maɗaci, amma ta cikin gari sau da yawa cike take da ƙusoshi da waya da aka ɗaure tun tana ƙarama har itacen ya haɗiye su, ga kogo saboda irin datsar da Malamin_Daji ya bayyana. Kuka kuwa ba ta katako ko kaɗan, cikinta taushi ne da ruwa. Wanda ya samu gungume mai lafiya ya tsaga, sai ya jera allunan a inuwa, ya sa ƙananan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa, ya shafe bakunansu da fenti, ya ɗora nauyi a sama. Idan ya shanya su a ranar Sakkwato, ko ya bar iskar hunturu ta buge su kai tsaye, za su tsage su kantare. Na fi ganin ribarsa a benci da kujerar tsugunno da ƙyauren shago, ba a katakon rufi ba.

Malama_Mai_Jinya

Yaya Dan_Mabera, ina aikin jinya, kuma raunin injin zarto ba kamar na wuƙa ba ne, domin yagar nama yake yi ya tafi da wani sashe, ya bar datti da mai a ciki. Duk wanda zai yi aikin nan, shi da abokin aikinsa su koyi tsayar da jini: a danna wurin da ƙarfi da ƙyalle mai tsabta, idan kuma jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin tamau, a lura da lokacin da aka ɗaure, a garzaya asibiti. Kada a zuba ƙasa ko toka ko fetur. Wanda ya faɗo daga sama kuma kada a ɗaga shi a zaunar ko a ɗora shi a babur, saboda ƙashin baya. Akwai kuma lahanin da ba ya nuna kansa da wuri: ƙarar injin ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa, alhali abin toshe kunne ba shi da tsada. A watan Afrilu da Mayu, da zafi yake wuce digiri 40, jiri a saman bishiya ya isa ya kashe mutum, don haka aikin sassafe ne.

Dan_Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa ƙanena duk abin da aka rubuta. Maganar Mai_Inji ta yi masa daɗi, ta Malama kuma ta sa ya yi shiru. Malamin_Daji, Baba, shin akwai makaranta a ƙasar nan da take koyar da abin da ya shafi wannan, kuma gaskiya ne sai da izini ake sare itace ko da a gidan mutum yake?

Malamin_Daji_Mai_Ritaya

Akwai kwalejojin gandun daji na tarayya a Ibadan da Jos, da kuma ta Afaka a Kaduna wadda ta fi karkata ga injinan aikin daji, dukkansu a ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan. A nan gida kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da sashen nazarin gandun daji. Waɗannan za su ba shi sanin itace da cututtukansa da renon dashe da awon katako, amma hawa da igiya sai ya nemi wanda ya iya ya bi shi. Batun izini kuwa, kafin a kayar da itace baki ɗaya a je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli a tambaya, kuma mai itacen ne ya kamata ya nemo takardar, shi kuma mai inji ya gan ta da idonsa kafin ya fara.

Damuwar Manomin_Wurno ba ƙarama ba ce. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewa da shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta tarayya a 2015. Ita kanta darbejiyar da muke magana a kanta baƙuwa ce, asalinta daga yankin Indiya, an shigo da ita ƙasar nan zamanin Turawa saboda tana jure fari, kuma mutane ne suka yi ta ɗaukar ruwa suna ba ta har ta zama inuwar garin nan. Ina ganin wanda ya iya gyara na gaskiya yana rage sara ne, domin mai gida da yawa yana kayar da bishiya ne kawai saboda tsoron ta faɗa masa, kuma da zai sami mai rage mata nauyi ya bar ta da rai, da ya fi so.

Manomin_Wurno

Malam, ina fatan haka, amma ban ga wanda ya sayi inji ya tsaya a gyara kawai ba. Idan ƙanen Dan_Mabera zai zama na farko da na sani, to ya haɗa da renon dashe, ya riƙa sayar wa duk wanda ya yi wa aiki.

Maaikacin_Lantarki

Abu ɗaya ba a taɓo ba, kuma shi ya fi kashe masu hawa a cikin gari: wayar wuta. Ɗanyen reshe yana ɗaukar lantarki, kuma babban layi mai ƙarfin volt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa shi ba, kusantarsa ma tana sa wuta ta tsallako. Kada ya dogara da cewa an ɗauke wuta a unguwa, domin ana iya dawo da ita yana sama, kuma janareton wani gida da aka haɗa ba daidai ba yana iya mayar da wuta kan layi. Duk bishiyar da rassanta suka shiga waya, a sanar da kamfanin wuta su kashe layin su tabbatar, ko ya bar aikin komai kuɗinsa. Tsanin ƙarfe kuma kada ya kusanci wurin.

Mai_Inji_Bodinga

Wannan gaskiya ce, kuma a haɗa da duba zuma da rina kafin a hau, musamman a tsamiya da kuka masu kogo. Ni dai ina nan a kan ra'ayina cewa a sayi injin, amma na yarda da ɗalibinmu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kada ya fita aiki ba tare da na biyu ba. Idan kuɗin bai isa duka ba, a fara da hular kwano da tabarau da abin kunne da takalmi mai ƙarfe a baki, a rage girman injin.

Dalibi_a_Ingila

Yaya Mai_Inji, a nan muka ɗan bambanta, domin ni zan sa ɗamara da igiya da zarton hannu mai kyau a gaban injin, tunda hawan ya riga yana yi yau ba tare da komai ya riƙe shi ba, kuma nan ne haɗarin da yake fuskanta tun yanzu. Sai dai a kiyaye: ɗamarar masu aikin gini, mai ƙugiya a baya, an yi ta ne don tare faɗuwa, ba don mutum ya zauna a cikinta yana aiki ba, kuma igiyar leda ta kasuwa da ake jan ruwa da ita rana tana cinye ƙarfinta ba tare da an gani ba. Ɗamara da igiya kuma ba a sayen na hannu, saboda ba ka san abin da suka taɓa ɗauka ba.

Dan_Mabera

To, ga inda muka tsaya a gida: ƙanena yana son bin shawarar Mai_Inji, ni kuma zuciyata ta fi karkata ga ta ɗalibinmu, mahaifiyarmu kuwa ta fi son ya nemi Afaka. Kuɗin da ke hannu ba zai yi duka ukun ba. Idan akwai wanda ya san inda ake samun ɗamarar hawa ta asali a Kano ko Kaduna ko Legas, ko wani mai sana'ar da yake sauke rassa da igiya wanda zai karɓi yaro ya riƙa tsaya masa a ƙasa kafin damina, don Allah ya sanar da ni.

Bakanike_Gwiwa

Idan kun yanke shawarar sayen na hannu, ku kawo shi a buɗe salansa a duba fistin kafin ku biya, a gwada birkin sarƙar yana aiki, a kuma duba lambar da ke jikinsa, saboda kwaikwayon ya yi yawa kuma fentinsu iri ɗaya ne da na asalin.